Likkafanin da Na Yanka wa Mai Rai

Ina gaishe ku duka, da masu yi mini addu'a a ƙasan rubutu da masu zagina. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa na cika wanke kaina a labarin nan, komai aka yi sai in ce laifin wani ne. To yau ba zan wanke ba. Abin da na aikata wata ranar Alhamis a ɗakin ɗinkina ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma in kun gama karantawa kuka tsane ni, ku sani na riga ku.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Saliha, 'yar Gazawa ce ni, kuma tela. Abin ya faru ina da shekara ashirin, a ƙarshen 2010, lokacin da sojoji ke shirin mayar da mulki hannun farar hula. Motocin 'yan siyasa na yawo da lasifika, mu teloli kuwa ba mu da lokacin cin abinci saboda ɗinkin anko.

Ubana shi ne Jaye. Wanda ya tashi tsakanin Gazawa da Age ba ya buƙatar ƙarin bayani, amma saboda sauran bari in yi. Baba tsohon ɗan kokawa ne, dogo, wanda bai taɓa shiga ɗakina ba tare da ya sunkuya ba. A 1993, shekarar da aka yi zaɓe kowa yana jin bakinsa ya buɗe, samarin garinmu masu wasan kwaikwayo suka ɗauko wani mai kamara daga Maraɗi, irin masu ɗaukar biki, suka ce su ma fim za su yi. Suka sa masa suna Rantsuwar Jaye. Ba wanda ya gaya musu ana canza suna a fim, su kuma suka ga in an canza za a riƙa ruɗewa wajen kira. Don haka Baba ya fito a Jaye, uwata Zulai ta fito a Zulai matar Jaye, abokin Baba kuma, wani tela mai suna Chindo, ya fito a Chindo ɓarawon shanu.

Labarin ba shi da tsawo. Chindo ya shigo gida Jaye ba ya nan, ya soki Zulai, ya tsallaka iyaka. Jaye ya dawo ya tarar an ɗauko gawa, ya tsayar da makara, ya buɗe fuskar matarsa, ya rantse sai ya rama. Sai rubutu ya fito cewa a saurari kashi na biyu.

Kuskuren da suka yi shi ne ba su yi wasa da kayan wasa ba. Makarar masallacin unguwa suka aro, ta gaske. Likkafanin ma na gaske ne, Chindo ya yanka ya ɗinka daidai tsawonta. A garinmu tsoho yana iya sayen farin yadinsa ya ajiye a akwati, ba laifi, amma ba a sa masa almakashi sai rai ya fita. Wata biyar da gama fim, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke uwata, kuma a kan makarar nan ɗin aka fita da ita. Ina da shekara uku.

Ni ban san uwata ba sai a fim ɗin nan. Minti goma sha ɗaya ne duka rabona da ita, na ƙirga. Tana sanye da zane mai ruwan ganye, tana watsa wa kaji tsaba, tana satar kallon kamara alhali an hana ta. A wurin makarar, in mutum ya kura ido, zai ga yadin yana ɗan ɗagawa a kan hancinta saboda numfashi. Nan nake tsayar da faifan kullum.

Kashi na biyu bai taɓa zuwa ba, kuma gari ya yanke hukuncinsa. Mutanen da suka kalli kaset a rumfar sinima sun ga Chindo ya soki Zulai da sunanta, sannan sun je jana'izarta da ƙafafunsu. Mata suka janye ɗinkinsu. In ya wuce a tofar da yawu. Cikin shekara ɗaya ya ɗaure keken ɗinkinsa a kan mota ya koma Gidan Rumji da iyalinsa. Baba kuwa ya zama abin nunawa. Aikinsa awon aya ne a kasuwa, kuma shekara goma sha bakwai ba a yi ranar kasuwar da wani bai ce masa, "Jaye, yaushe za ka rama?" ba. Amsarsa ɗaya ce, da sauran lokaci.

Sai ga Muttaka. Ya zo ɗaukar taron wata jam'iyya da kamararsa, ni kuma na kai wa mata ankon da na ɗinka. Ya ce in ba shi lambar salulata zai turo mini hoton ɗinkina, ni kuma don iyayi na ba shi. Hoton bai zo ba har yau, amma saƙo ya zo a ranar. Siriri ne, mai yawan dariya, rigarsa kullum aljihu ɗaya a yage saboda batura. Wata biyu muna musayar saƙo kafin in tambayi sunan babansa, lokacin kuwa aikin gama ya gama. Ɗan Chindo ne.

Kakata ta wajen uwa, wadda kowa ke kira Gogo, ita ta raine ni, kuma a gidanmu take zaune. Ranar da maganar ta kai kunnenta tana tankaɗe ne. Ta ajiye rariya, ta kalle ni tun daga ƙafa har ɗankwali.

"Ke Saliha, maza sun ƙare duniya? Hannun da yaɗ ɗinke uwarki tana numhwashi, shi za ki durƙusa ma ki ce Baba?"

Na ce ai fim ne, Gogo, ajali kuma na Allah ne. Ta ce in kai wannan karatun boko na lakol ɗin kabarin ɗiyarta in karanta mata. Daga ranar ta daina cin abin da na dafa. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai dai ya rage zama a gida.

Muttaka ne ya kawo dabarar, kuma ya kawo ta yana murna kamar ya tsinci dami a kala. Wai mutane ba babansa suke ƙi ba, ƙarshen labari suke jira. A yi musu kashi na biyu, Jaye ya dawo da furfurarsa ya rama, kowa ya huce, har Gogo. Ya rubuta labarin a littafin 'yan lakol. A nasa rubutun Jaye zai bi Chindo har maɓoyarsa, ya kama shi, ya miƙa wa jami'an tsaro na jandarma, tunda yanzu zamanin doka za a shiga.

Ya zo ya karanta wa Baba a zaure, ni ina bayan ƙofa da tsintsiyar da ba na shara da ita. Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce ya yarda zai fito, amma ba jandarma a fim ɗinsa. Wanda ya yi kisa sai ya mutu. A yanka likkafani na gaske, a ɗauko tsohuwar makarar nan da ke jingine bayan masallaci tun da aka sayi ta ƙarfe, a kwantar da shi a kai, gari ya gani. Ranar da aka ɗauki wannan, ya ba Muttaka ni.

Muttaka ya yi dariya ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Gogo da ta ji, a ranar ta ci tuwona har da ƙari. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don na san abin da Gogo ta ji a sharaɗin nan, kuma na san shi duk garin zai ji.

Ku bari in faɗi gaskiya a nan. Na yi lakol har aji uku na kwaleji, na yi islamiyya, na san makara itace ne da igiya. In kun tambaye ni a lokacin zan ce camfi ne. Amma yarinyar da ta tashi tana kallon numfashin uwarta a ƙarƙashin farin yadi, ba a cire mata wannan tsoron da karatu. Na ji a jikina wanda duk ya kwanta a kan itacen nan ba zai ga wata damina ba. Duk da haka ban ce a fasa ba. Ina son Muttaka, har na zaɓi yadin labulen ɗakina na ɓoye a ƙasan akwati.

Chindo ya amsa ba tare da gardama ba. Na fara ganinsa ido da ido ranar da aka soma ɗauka, ya sauko daga motar Maraɗi da 'yar jakarsa. Na ɗauka zan ga mugun da na sani a faifai, mai jan rawani da zare ido. Sai ga wani ɗan tsoho gajere, kansa iyakar kunnena, tabarau ɗaure da zare, yana ta ba mutane hannu suna noƙewa. Ya tsaya gaban Baba ya ɗaga kai.

"Jaye, ka tsuhwa."

"Kai ma," in ji Baba, idonsa a kan takalminsa.

Da aka nuna masa ni, sai ya cire tabarau ya goge. Ya ce kamar an tsaga kara da Zulai. Ya buɗe jakarsa ya ciro almakashi naɗe a tsumma, baƙi, mai nauyi, hannunsa ya sha riƙo har ya yi santsi. Ya ce ya ji ni tela ce, shi kuma ido ya tafi, gara ya zauna a hannun ɗiyarsa. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Kunya ta hana ni kallon fuskarsa.

Kwana tara aka yi ana ɗauka, kuma Gazawa ba ta taɓa ganin irinsa ba. Wani ɗan takara ya kira taro ranar da za a ɗauki faɗan kasuwa, ya ƙare da kujeru da masu kiɗansa, kowa yana wajen Jaye. Ni ce mai kula da kayan Baba. Na shafa masa baƙin rini a gemu, Muttaka ya ce a wanke, furfurar ake so. Tsohuwar rigarsa ta fata mai layu ta ƙi rufuwa, sai da na tsaga bayan na ƙara ƙyalle. Takalman kuwa sun ƙi shiga sam, don ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna da yatsa wurin sai ya zauna. Ya ce zaman awo ne. Aka ɗauke shi daga gwiwa zuwa sama.

A faɗan kasuwar, Jaye zai ɗaga wani ƙato cikin yaran Chindo ya maka a kan buhunan aya. Muttaka ya ce za a yi dabara, Baba ya ce shi bai san dabara ba. Ya sunkuya, ya ciccibi mutumin nan kamar shekara talatin baya, ya yi sama da shi. Kasuwa ta ɗauki ihu, tsofaffi na kuka, mata na guɗa. Ni ma na yi tsalle, ba zan ɓoye ba, don ban taɓa ganin ubana a haka ba sai a faifai.

Da na kai masa ruwa ban same shi a cikin mutane ba. A bayan wani shago na gan shi, zaune a ƙasa, ya dafe ƙirji, bakinsa a buɗe, leɓensa ya yi fari. Ya lalubo wasu ƙwayoyi daga cikin hularsa ya haɗiye. Ashe wata huɗu ke nan likita ya ce masa zuciyarsa ta gaji, ya daina ɗaukar ko buhu ɗaya. Ya ce in na faɗa wa wani bai yafe ba. Ya miƙe, ya gyara layunsa, ya koma yana ɗaga wa mutane hannu.

Aka tsayar da Asabar don ɗaukar makara. Chindo ya koma Gidan Rumji ya huta kafin ranar, Muttaka ya raka shi. Ranar Talata saƙonsa ya shigo ina cikin ɗinki.

"Tsohon nan zai kashe ni da dariya. Tun safe yake bin maƙwabta gida gida yana neman gafara."

Na rubuta, "Gafarar me?"

"Wai ba a san gawar fari ba. Ya ba wa ƙanensa kekensa. Ya ce a kira masa yayata daga Cadakori."

Kafin in amsa wani ya shigo. "Saliha, na ce masa in yana tsoro a fasa. Ya ce shekara goma sha bakwai bai ba ni komai ba sai sunan da ake gudu, wannan kaɗai yake da shi da zai ba ni. Ke me kika gani?"

Da na ce a fasa, da an fasa, na san Muttaka. Abin da na rubuta shi ne, "Camfi ne kawai, kada ka damu." Na tura, na ci gaba da taka keke, har na ɗinke hannun rigar wata mata a wuya ban lura ba.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya yi sallama a ƙofar ɗakin ɗinkina, ya sunkuyo ya shigo. A hammatarsa farin yadi ne sabo, a hannunsa kuma karan gero guda, an fere shi an gyara bakinsa. Kun san yadda ake yi, in an yi rasuwa da kara ake auna mamaci a kai wa masu haƙa kabari da masu ɗinki. Ya ajiye yadin a kan tebur, ya jingina karan a bango kusa da ƙofa. Ya ce ga awo nan, ni zan ɗinka, kuma in na gama in naɗe in ɓoye, ba ya son ganinsa sai ranar Asabar a gaban jama'a. Na ce to. Ban tambayi yadda aka yi ya auno mutumin da ke Gidan Rumji ba, don ba na son sani.

Na yi ta kewaye-kewaye. Na gyara wuyan rigar da na ɓata, na share ɗaki, na zuba wa keke mai da ba ya buƙata. Gogo ta leƙo ta ga farin yadin, ta taɓa shi da yatsa biyu, ta ce mai kyau ne, ta fita tana 'yar waƙarta. Wajen azahar na ga dai ba makawa, na juya zan ɗauki karan.

Sai na tsaya. Karan ya wuce saman ƙofa. A saman ƙofar nan akwai wurin da ƙasa ta goge, inda hular Baba ke gogawa kullum in ya manta bai sunkuya sosai ba, kuma bakin karan yana sama da wurin da kusan yatsa huɗu. Na matsa na tsaya kusa da shi. Chindo iyakarsa kunnena. Karan nan ko na ɗaga hannu da ƙyar nake taɓa kansa. A Gazawa kaf mutum ɗaya ne mai wannan tsawon.

Na same shi a zaure ya idar da salla, yana zaune a kan buzu yana murza ƙafarsa. Na durƙusa da karan a hannuna, na ce Baba an yi kuskure a awo. Ya ce ba a yi ba. Ya ce in zauna, kuma in yi ƙasa da murya kada Gogo ta ji.

Abin da ya gaya mini zan taƙaita, don har yau ba na iya maimaita shi da yadda ya faɗa. Ranar da za a ɗauki makara a wancan fim, uwata ta ce tana tsoro, ta yi kuka. Chindo ya ƙi yanka yadin, ya ce a cusa tsummoki a buhu a rufe, ba mai ganewa. Baba ne ya ƙi. Yana son a buɗe fuska a ga matarsa ce da gaske, a ce wasan Gazawa ya fi na ko'ina. Ya yi wa Chindo gori har ya yanka, ya yi wa uwata tsawa har ta yi shiru, kuma shi da hannunsa ya ɗauke ta ya kwantar a kan itacen. Da ta rasu gari ya nuna Chindo da yatsa, shi kuma ya ja bakinsa ya yi gum. Ana kiransa jarumi, ana tofa wa abokinsa yawu, yana kallo.

"Kullum suna tambaya yaushe za ni ramawa," ya ce. "Ga wa za ni rama, Saliha?"

Ya ce ranar Asabar a faɗan ƙarshe wuƙar Chindo ce za ta same shi. Kafin ya faɗi zai juya ga kamara ya gaya wa gari abin da ya gaya mini, da sunansa na gaskiya, tunda da shi aka yi fim. Bai gaya wa Muttaka ba don zai yi gardama, Chindo ma zai yi. Amma in aka warware likkafani a gaban mutane aka ga tsawonsa, magana ta ƙare. Sharaɗin aure kuma ya cika, tunda wanda ya yi kisa ya kwanta.

Na ce, "Baba, ba ka da lafiya."

"Shi ya sa ba ni jira wata shekara."

"In wani abu ya same ka fa?"

"Ke da kin ka yi lakol? In camhi ne, ba abin da za ya same ni. In ba camhi ba ne, to ya samu mai shi." Ya miƙa hannu na taimaka masa ya tashi. "Tahi ki yi aikinki. Ki yi shi da kyau, kada in ji kunya."

Ya sa hularsa ya nufi kasuwa, yana tafiya yana dafa bango.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne wurin da ba ni da abin kare kaina. Na san gaskiya duka. Na san Chindo bai yi komai ba, shi ne ma ya nemi ya ceci uwata. Na san an cuce shi shekara goma sha bakwai, kuma ubana ne ya cuce shi. Na san abin da Baba ke shirin yi shi ne abu mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa, ya fi duk kokawar da ya ci. Na yi fushi da shi matuƙa. Amma da na rufe ido sai in gan shi a bayan shagon nan da farin leɓe, sannan in ga farin yadi a kan hancinsa, ina jira ya ɗaga. Na ba makarar nan uwa. Ban ga yadda zan yi in ba ta uba da hannuna ba.

Ban yi istihara ba, ban nemi shawarar kowa ba. Na tsayar da karan a gefena, na sa yatsa daidai kunnena, na ƙara taƙi ɗaya saboda ɗauri. Na sa gwiwa na karya. Ƙarar ba ta kai ta tsinken tsintsiya ba. Guntun da ya fita na kakkarya na tura a murhu ƙarƙashin tukunyar Gogo.

Na shimfiɗa yadin a ƙasa, na ɗora karan. Almakashina ya dakushe da ɗinkin anko, don haka na warware tsumman nan na ɗauko na Chindo. Ban taɓa riƙe almakashi mai daɗin yanka irinsa ba, yadin yana buɗewa a gabansa ba ko gargada. Na yanka ƙyalle uku a kan gajeren awo. Ragowar na tsattsaga ta siri-siri, yadda ko an so a yi ƙari ba za a samu abin yi ba. Ranar Asabar in aka warware a gaban jama'a, mutum ɗaya kawai zai shiga cikinsa, Baba kuma ba zai iya cewa komai ba.

Na zauna a ƙasa ina ɗinkin hannu, hawaye na ɗiga, ina kawar da kai kada su ɓata yadin. Na kusa gamawa salula ta yi ƙara. Muttaka ne.

"Za mu taho gobe in sha Allah. Babana ya ji ke za ki ɗinka, ya ce in gaya miki ba a ƙulla zaren likkafani, a bar bakinsa a sake. Ya ce hankalinsa ya kwanta tunda a hannun ɗiyarsa zai shiga."

Na duba ɗinkin. Duk inda na kai ƙarshe na ƙulla, kamar yadda na saba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina warwarewa da bakin allura, yadda ya ce.

La'asar sakaliya na ji tafiyar Baba a tsakar gida, yana jan ƙafa. Lokacin na riga na naɗe na sa a ƙasan akwati, a kan yadin labulena. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya tsaya, inuwarsa ta rufe hasken.

"Kin gama?"

"Na gama, Baba."

"Daidai awo?"

"Daidai karan."

Na ji yana sauke numfashi kamar wanda aka ɗauke wa kaya. Rabon da in ji muryarsa da sauƙi haka na manta.

"Yau kin hutar da ni, Saliha. Allah shi yi miki albarka, shi ba ki masu yi miki yadda kin ka yi mani."

Na ce amin.